Aikin Ja Na Inji Ne, A Ƙyale Batir Ya Huta

Yau gareji za mu shiga, don haka mai fararen kaya ya naɗe hannun riga.

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila a jihar Taraba da damina ya san akwai inda kwalta ke ƙarewa, tsohuwar Land Rover ta karɓi aiki. Daga Gembu ko Nguroje zuwa ƙauyukan da ke wajen iyakar Kamaru, motocin nan ne ke ɗaukar buhunan masara da 'yan kasuwa da marasa lafiya, kuma da yawansu sun girmi direbobinsu. Mu ma mun taɓa shiga ɗaya, muka kafe a wani kwari bayan la'asar, taɓo ya haɗiye tayoyi har cikin motar ya zauna a ƙasa. Direban bai damu ba, domin bai daɗe da ɗaura sabon winci mai aiki da batir a gaban motar ba. Aka ja igiya zuwa wata bishiyar turare aka ɗaure, aka latsa maɓalli. Motar ta matsa kamar taku biyu, wincin ya fara nishi, can sai ya yi shiru. Ana cikin haka inji ya mutu. Aka murɗa makulli, ko tari bai yi ba, batir ya riga ya ƙare. A nan muka kwana cikin sanyin da ba mu shirya masa ba, tare da wata baiwar Allah mai goyo, sai da gari ya waye mutanen ƙauye suka zo da shebur da itatuwa suka fitar da mu.

Tun daga ranar muke riƙe da ra'ayin da za mu faɗa yau. Tsohuwar motar daji da ake neman abinci da ita, in za a sa mata winci, wanda injinta ke juyawa ya dace da ita. Sai dai akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi ra'ayin nauyi. Za mu zo kansa.

Ga wanda bai san winci ba, wata ganga ce ta ƙarfe da ake kafawa a gaban mota, da igiyar ƙarfe naɗe a jikinta, da ƙugiya a bakin igiyar. In mota ta kafe sai a warware igiyar a ɗaure ta a wani abu mai ƙarfi, gangar ta riƙa juyawa tana naɗewa, mota ta jawo kanta waje. Bambancin yana wurin abin da ke juya gangar. A wincin lantarki, wani ɗan inji ne mai kama da sitata yake juya ta, yana shan wuta daga batir. A ɗayan kuwa injin motar ne da kansa, ta wata kafa da makanikai ke kira PTO, mu kuma za mu kira ta mafitar ƙarfi. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wanda ya taɓa tsayawa bayan tarakta ya ga wani guntun ƙarfe mai haƙora da ya leƙo waje, wanda ake jona wa injin casa ko na feshi, yana juyi 540 a minti ɗaya. To ita ce. Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara sayar da tarakta mai ita a 1918.

Dalilinmu na farko shi ne, motocin nan da wannan kafar aka haife su. Lokacin da kamfanin Rover na Ingila ya fito da Land Rover a bajekolin motoci na Amsterdam a 1948, manoma ya nufa da ita. Maurice Wilks da ya zana ta yana son abin da zai yi aikin gona da safe ya kai kaya kasuwa da yamma, shi ya sa aka bar mata wurin jona injuna. Kafin ita, Jeep ƙirar CJ-2A da kamfanin Willys ya fitar a 1945 ma haka aka tallata ta. Toyota kuwa ta riƙa sayar da Land Cruiser jerin 40, wanda aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, da wincin inji tun daga masana'anta ga wanda ya nema. Wincin lantarki daga baya ya zo, kamfanin Warn na Amurka ne ya fito da nasa a 1959. Saboda haka mai ɗaura wincin inji a Land Rover ƙirar Series, ko a tsohuwar Land Cruiser, ƙofar da maƙera suka bari yake buɗewa.

Ga yadda abin yake. Ƙarfi kan tashi daga inji ya bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan ya faɗa akwati na biyu da ke raba shi tsakanin tayoyin gaba da na baya, wanda direbobi ke kira ogzilari. A jikin wannan akwati akwai murfi ɗaure da notuna. In aka cire shi aka ɗaura ɗan akwatin mafitar ƙarfi, sai a jawo sandar ƙarfe irin ta farfela amma siririya, ta bi ƙarƙashin mota har gaba inda winci yake. A can sandar tana juya wani ƙarfe mai zare, shi kuma ya juya faifan tagulla mai haƙora da ke haɗe da ganga. Wannan haɗin ne ke mayar da gudun inji ya zama ƙarfin ja, kuma ba ya barin nauyi ya juya gangar baya da sauƙi. Lokacin aiki direba zai sa ogzilari a firi don tayoyi su huta, wato libar nan mai jan kai a Land Rover, ya taka kuloci, ya ja libar mafita, ya zaɓi giya, ya saki kuloci a hankali. Lamba ɗaya ta ja ce a natse, giyoyin sama na saurin naɗe igiya ne in babu nauyi, ribas kuma ya warware.

Dalili na biyu lissafi ne. Wincin lantarki mai ƙarfin da zai ja babbar mota yakan sha amfiya 400 ko fiye in nauyi ya kai masa wuya. Altanetar da aka ƙera tsofaffin motocin nan da ita ba ta ba da ko 50. Ma'ana, ko inji na aiki, abin da ke fita daga batir ya ninka abin da ke shiga sau da yawa, kamar mai ɗiban ruwa da bokiti daga randar da ake zuba wa da ludayi. Mintoci kaɗan sun isa batir ya durƙusa, kuma a motar fetur shi ne dai batirin da ke ba fulogi wuta, shi ya sa inji ma kan bi shi. Abin da ya same mu ke nan a kwarin can. Ga kuma zafi: ɗan injin wincin yakan yi zafi da sauri, dole a ja kaɗan a huta, in an matsa masa ya ƙone. Ƙarfinsa ba ya wuce na dawaki 4 zuwa 6, alhali injin fetur na Land Rover mai lita 2.25 yana da na dawaki wajen 70. Wincin da ke jone da wannan inji zai yi ta ja muddin akwai mai a tanki. Ga direban da ke kafewa sau ɗaya a shekara wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda zai kafe sau biyar kafin ya kai kasuwa, ya kuma tsaya ya ciro abokan sana'arsa biyu, shi ne bambancin kwana a gida da kwana a daji.

Dalili na uku gyara ne. In wincin lantarki ya ƙone, ko akwatin maɓallansa ya sha ruwa, galibi sai an nemo sabon kaya daga birni. Wincin inji kuwa ƙarfe ne da tagulla da boris da kuros da giris. Duk makanikin da ya iya kwance farfela ya iya duba shi, kuma irin hannayen da ke Fanteka a Kaduna ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sun saba ƙera abin da ya fi wannan wuya. Motar da ta shekara arba'in tana rayuwa da irin waɗannan hannaye, ya kamata abin da za a ƙara mata ma ya zama wanda za su iya riƙewa.

Yanzu bari mu ba masu ɗaya ra'ayin haƙƙinsu, domin suna da hujja. Wincin inji ba ya aiki sai inji na raye. In mota ta mutu a tsakiyar rafi, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, wincin ya zama kayan ado, alhali na lantarki zai iya ba da 'yan mintocin da za su kai ta tudu. In mota ta kwanta a gefenta ma ba a barin inji ya ci gaba da aiki, saboda baƙin mai ba zai kai inda ake buƙatarsa ba. Sannan wincin inji aikin mutum biyu ne: direba na ciki ƙafarsa a kan kuloci, ba ya ganin yadda igiya ke naɗuwa, sai yaron mota ya tsaya gefe yana ba shi alama. Na lantarki kuwa mutum ɗaya ya isa. Ga shi kayan wincin inji sun yi wuyar samu, ɗaura shi aikin kwanaki ne, na lantarki kuma yini ɗaya an gama. Duk wannan gaskiya ne. Wanda ke fita daji shi kaɗai jefi-jefi, da mota mai lafiyayyar altaneta da batir biyu, ba mu ce ya jefar da wincinsa ba. Amsarmu ga matsalar mutuwar inji ita ce a riƙa tafiya da wincin hannu, irin Tirfor da ake ja da liba, wanda bai san batir ba bai san fetur ba. Yana da wahala, amma ba ya ƙin tashi.

Akwai kuma inda kowane irin winci ba ya da abin kamawa. A hamadar Tenere ta Nijar a da akwai wata bishiya tilo da ayari ke gane hanya da ita, wata babbar mota ta kaɗe ta a 1973, yanzu gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai. A irin wannan fili direba zai haƙa rami ne ya binne safaya ya ɗaure igiya a jikinta, ko ya rage iskar taya ya shimfiɗa faranti ƙarƙashinta. Maganarmu ta ƙasar taɓo da tsauni ce, inda akwai bishiya ko dutse ko wata motar da za a kama.

To ga sharaɗin da muka yi alkawari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wincin inji ba ya gajiya, kuma wannan ne alherinsa da haɗarinsa gaba ɗaya. Na lantarki in nauyi ya fi ƙarfinsa yakan yi nishi ya tsaya, ya gargaɗe ka. Na inji ba ya gargaɗi. Zai ci gaba da ja har sai wani abu ya karye, saura kawai a san mene ne zai karye. Wanda ba zai cika abubuwan da za mu lissafa ba, gara ya bar motarsa yadda take.

Na farko a duba shasi, wato ƙashin bayan motar. Jikin tsohuwar Land Rover na alminiyum ne, ba ya tsatsa, shi ya sa takan yaudari ido. Shasinta kuwa ƙarfe ne, kuma daga ciki yake ruɓewa. Ƙahonin nan biyu na gaba da bamba ke zaune a kansu su ne za su ɗauki dukan nauyin ja. A buga su da guduma a saurari amonsu, in sun ci a yanke a sake kafin a yi maganar winci. Farantin da winci zai zauna a kai ya zama mai kauri, a ɗaure shi a shasi da notuna masu ƙarfi, kada a liƙa shi a bamba da walda. A kuma tuna cewa an ƙara wa gaban mota nauyi na dindindin, sai a duba sifirin gaba, a tabbata kuma ba a toshe wa lagireto iska ba.

Na biyu a tabbatar kayan sun dace da motar kafin a biya kuɗi. A Land Rover ƙirar Series murfin mafita yana bayan akwatin ogzilari, a daidai wurin da ake ɗaura giyar ƙarin gudu ta kamfanin Fairey. Mai wannan giyar sai ya zaɓi ɗaya, ko ya nemi mafitar da ake ɗaurawa ta ƙasan akwatin. A Land Cruiser murfin yana gefe, kuma motar da ba ta fito da winci daga masana'anta ba sau da yawa ba ta da giyar da za ta juya mafitar, wani zobe ne kawai ya cike gurbinta. A buɗe murfin a leƙa. Yawan haƙoran sanda ma ya bambanta daga wata ƙira zuwa wata, abin da ya shiga motar maƙwabcinka ba lalle ya shiga taka ba. Akwai kuma wani winci dabam da ake gani a gaban wasu tsofaffin Land Rover, mai kama da turmi a tsaye, wanda ke karɓar ƙarfi daga goshin inji kai tsaye. Shi da igiyar zare yake aiki, mutum na riƙe da bakinta, kada a haɗa kayansa da na mai ganga.

Na uku hanyar da sandar za ta bi. Tsakanin ogzilari da bamba akwai salansa da sandunan sitiyari da gadar tayoyin gaba, wadda ke hawa da sauka in mota na tafiya. Sandar da ta wuce lafiya a gareji tana iya gogar wani abu a kan hanya. A sa mata boris na tallafi a tsakiya, kada kwanar kowace gaɓa ta yi tsanani, kuma kunnuwan kuros na bakin sanda biyu su kalli gefe ɗaya, in ba haka ba za ta riƙa fizga tana cin kanta. A cikin akwatin wincin a zuba man da ba ya cin tagulla, domin wasu mayukan giya in sun yi zafi sukan lalata ta.

Na huɗu girman winci. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙarfinsa ya kai nauyin mota da kayanta sau ɗaya da rabi. Motar da ta kai kilo 2,500 da lodi tana buƙatar mai jan kilo 3,750. Wincin da aka rubuta wa fam 8,000, wato kilo 3,600 da 'yan kai, bai ma kai ba, kuma mun san yadda ake lodi a hanyoyinmu. Wannan adadi ma na layin igiya na farko ne a jikin ganga, duk layin da ya hau kan wani ƙarfin raguwa yake. Don haka a warware igiya da yawa in za a yi ja mai nauyi, amma a bar aƙalla naɗi 5 a jikin ganga. In taɓo ya riƙe sosai a sauke kaya, a haƙe gaban tayoyi, a bi da igiya ta cikin ƙaramar ƙafar juyi da aka ɗaure a bishiya ta dawo jikin mota. Wannan yana ninka ƙarfin ja kusan sau biyu, ya raba sauri biyu.

Na biyar shi ne wanda ya sa muka ɗauki wannan batu. A inda sandar ke haɗuwa da winci akwai wata 'yar ƙusa mai taushi da ta ratsa su biyun. Da gangan aka yi ta da rauni, don in nauyi ya wuce kima ita ta fara tsinkewa, winci ya tsaya, kamar yadda fiyus ke ƙonewa don waya ta tsira. Mu muna kiranta ƙusar fansa. Abin da kan faru shi ne, ta tsinke sau ɗaya, sau biyu, direba ya fusata, a ce masa ai ƙusar ce ba ta da kyau, a zura noti mai tauri a gurbinta ko a bi wurin da walda. Daga ranar ƙusa ba za ta ƙara tsinkewa ba, amma raunin bai ɓace ba, ƙaura ya yi. Ya koma haƙoran tagulla, ko cikin ogzilari, ko ƙahon shasi, ko igiyar kanta. Igiyar ƙarfen da ta tsinke da nauyin tan uku a kanta takan dawo da gudun da ido ba ya bi, kuma wanda ya fi kusa da ita shi ne yaron mota, ɗan wani, da aka ce ya tsaya ya ba da alama. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In ƙusar fansa ta tsinke, magana ta yi: kaya sun yi yawa, ko igiya ta taru a ganga, ko cikin mota ya zauna a ƙasa. A gyara dalilin, a sa wata irinta. A ajiye guda biyar ko shida a akwatin kayan aiki tare da guduma da abin tura guntun da ya maƙale, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran ladubban a taƙaice suke. Kowa ya matsa nesa da igiya fiye da tsawonta, fasinja masu kallo su ma. A jefa bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyarta don in ta tsinke ta faɗi ƙasa. Kada a tsallake ta tana miƙe, kada a riƙe ta ba safar hannu. Kada a zagaye bishiya da igiyar ƙarfe a maƙala ƙugiya a jikinta, hakan na kashe bishiyar ya kuma karya igiyar, a yi amfani da ɗamara mai faɗi. Direba da yaro su yarda da alamar tsayawa tun kafin a fara, ƙafar direba kuma kada ta bar kusa da kuloci, domin shi ne maɓallin kashewa. Mai babbar riga ko rawani ko mayafi kada ya kusanci sanda mai juyawa, ƙarfen ba ya sakin abin da ya kama. In an gama a cire mafita daga giya a tabbatar libarta ba za ta faɗa da kanta ba, don in ta shiga ana cikin tafiya winci zai naɗe ƙugiyarsa har ya fasa wani abu.

Mun san wasu za su ce wahalar ta yi yawa a kan motar da ta kusa ritaya. Mu dai abin da muka gani shi ne ba ta da niyyar ritaya. An daina ƙera Series III tun 1985, amma har gobe ita ce ke kai mai naƙuda asibiti a wuraren da sabuwar mota ba ta zuwa. Mai irin wannan mota da ke da kuɗin winci ɗaya kacal, shawararmu ya fara da gyaran shasi, ya sayi wincin hannu, sannan ya nemi na inji a hankali har ya samu wanda ya dace. In ya samu, ya tsaya a kan makanikinsa ranar ɗauri, ya ce masa: Oga, komai ka ga dama ka ƙarfafa, amma ƙusar nan ka bar mini ita yadda take.

Muna jiran masu ja da wannan ra'ayi, musamman direbobi da makanikan da ke cikinmu. Sai mako mai zuwa.